Tambari a Kan Riga: Me Ya Sa Wani Ke Daɗewa, Wani Ya Ɓamɓare?

Duk shekara idan lokacin wasannin gida-gida ya ƙarato, makarantun sakandare sukan karɓi kuɗi daga hannun iyaye, su ba da kwangilar buga rigunan nan masu gajeren hannu da ake kira ti-shat, kowane gida da launinsa da tambarinsa. Haka su ma ƙungiyoyin ɗalibai da 'yan ƙwallon unguwa da 'yan siyasa suke yi. Ranar da aka kawo kaya, kowa sai yabo. Amma da an yi wanki uku ko huɗu sai labari ya sha bamban. Tambarin wani gida yana nan daram kamar jiya aka buga shi, na wani ya tsattsage kamar ƙasar fadama da rani, na wani kuma farin rubutunsa ya koma ruwan hoda tun kafin ruwa ya taɓa shi.

Galibi akan ɗora laifin a kan sabulu, ko a ce mai bugun ya yi algus. Wani lokaci hakan ne. Sai dai sau da yawa tun ranar da aka sayi yadin aka yi kuskuren, domin kowace hanyar bugu tana da irin yadin da take jituwa da shi. Wanda yake son ya san dalili, dole ya fara da leƙa silin yadin kansa a madubin ƙara girma.

Sili biyu, hali biyu

Silin auduga ƙwayar halitta ce guda ɗaya tak, wadda take tsirowa daga ɓawon gurya ta yi ta miƙewa har ta kai santimita 2 zuwa 4. Idan ta bushe sai ta lotse ta murɗe, ta zama kamar shimfiɗaɗɗen tsiri da aka murza. Fiye da kashi 90 cikin 100 na jikinta wani sinadari ne mai suna selulos, wanda shi ne tsirrai suke gina bangon ƙwayoyin halittarsu da shi. Selulos doguwar sarƙa ce ta ƙwayoyin sukari, kuma a jikin kowace ƙwaya akwai wasu ƙananan hannuwa na oksijin da haidurojin masu kama ruwa. Wannan ne ya sa auduga take shan gumi. Ko a ajiye take, takan riƙe danshin da ya kai kimanin kashi 8 cikin 100 na nauyinta.

Foliyesta kuwa, wadda ake yin jesin 'yan ƙwallo da ita, roba ce da aka samo daga man fetur, aka narkar da ita aka ja ta zama zare. Wasu masana biyu, John Rex Whinfield da James Tennant Dickson, su ne suka yi rajistar ƙirƙiro ta a 1941 a Ingila. Wani abin sha'awa shi ne, a kamfanin masu buga ado a yadi na birnin Manchester suke aiki, watau masu bugu ne da kansu suka samar da yadin da ya zo ya ƙi karɓar rinin da suka saba da shi. A madubi, silin foliyesta sumul yake kamar sandar gilashi. Ba shi da waɗancan hannuwa masu kama ruwa, danshin da yake riƙewa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Rinin da ruwa ke kai wa cikin auduga, a kan foliyesta sai dai ya zame ya wuce.

Rini daban, fenti daban

Hanya biyu ce launi yake zama a yadi. Ko dai ya shige cikin silin ya zauna, wannan shi ne rini, ko kuwa ya kwanta a kansa da taimakon wani danƙo da ke liƙe shi, wannan shi ne fenti. Duk wata gardama game da wane bugu ya fi wani ƙarko, a nan tushenta yake.

Bahaushe ya daɗe da sanin hanya ta farko. Marinar Ƙofar Mata da ke Kano, wadda ake cewa an kafa ta a 1498, makaranta ce ta ilimin halittu ga duk wanda ya lura. Launin da ake samu daga ganyen baba ba ya narkewa a ruwa, saboda haka a yadda yake ba zai iya shiga auduga ba. Marini yakan haɗa baba da toka da katsi a ramin rini, ya bar su kwanaki yana motsawa. A cikin wannan ruwa mai kaifin toka, wasu ƙwayoyin bakteriya da ke rayuwa inda babu iska sukan sauya launin ya koma wani nau'i mai narkewa, mai ruwan ɗorawa-ɗorawa. Shi ne yake ratsa silin. Da an tsamo tufa sai a gan ta kore-kore, kafin a jima iska ta taɓa ta ta koma shuɗiya a gaban idon mai kallo, domin oksijin ya mai da launin yadda yake tun farko, ga shi kuma yanzu a kulle cikin silin. Adon da ake samu a irin wannan tufa, ta hanyar ɗaure wasu sassa ko ɗinke su ake yin sa don kada rini ya kai gare su. Yarabawan Abeokuta kan shafa kunun rogo a inda suke son ya zauna fari idan suna yin adire. Haka ita ma atamfa ta asali, wadda Turawan Holan suka kwaikwayo daga batik na tsibirin Java, da wani danƙo ake kare sassan yadin kafin a rina.

Amma shuni maƙalewa kawai yake yi, bai ƙulla wata alaƙa da selulos ba. Shi ya sa turkuɗi yake barin shuɗi a fatar Buzu, shi ya sa kuma wandon jins yake koɗewa a gwiwa. Rinin da ya warware wannan matsala sai a 1956 ya shigo kasuwa, daga kamfanin ICI na Ingila. Idan aka sa masa ɗan sinadari mai kaifi irin na kanwa, ƙwayarsa takan kama hannun selulos su ƙulle, su zama abu guda. Irin wannan launi ya zama wani sashe na audugar, ba a jin sa da hannu, sabulu kuma ba ya iya raba su. Matsalarsa ita ce bayan an buga sai an turara yadin, a kuma wanke shi da ruwa mai yawa, aikin da ya fi dacewa da masaƙa. Don haka mai shagon buga ti-shat ba kasafai yake kusantar sa ba. Mafi yawan abin da ake gani a ƙirjin riguna fenti ne.

Bugun rariya

Hanyar da ta fi kowace yaɗuwa ita ce wadda masu sana'ar suke kira sikirin, kuma duk wanda ya taɓa ganin ana tankaɗe ya riga ya fahimci rabinta. Akan ɗaure wani ƙyalle mai ƙananan ramuka a jikin firam, a ja shi ya yi tauri kamar fatar ganga. A da siliki ake sa wa, yanzu kuwa zaren foliyesta ne, kuma wanda aka fi amfani da shi don riguna yana da zare 43 a kowace santimita. Sai a toshe dukkan ramukan ban da na inda ake son tawada ta ratsa. A ɗora firam a kan riga, a zuba tawada, a ja ta da wata faffaɗar roba mai mariƙin katako. Wani mutumin Manchester mai suna Samuel Simon ya yi rajistar wannan dabara a 1907, ko da yake mutanen Sin da Japan sun daɗe suna buga ado da takarda mai huji tun kafin nan.

Yadda ake toshe ramukan shi kansa darasi ne. Akan shafe rariyar da wani ruwan danƙo da haske ke sa shi ya ƙanƙare, a bar shi ya bushe a ɗaki mai duhu. Daga nan a ɗora hoton da aka zana da baƙi a kan leda mai garai-garai, a haska fitila ko a fitar da shi rana na ɗan lokaci. Inda haske ya taɓa ya ƙanƙare, inda baƙin ya kare kuwa ruwa na wanke shi. Ƙungiyar kimiyya ta kowace makaranta za ta iya gwada wannan da katako da ƙusa da hasken hantsi.

Tawadar da aka fi sa wa ana kiran ta filastisol. Garin robar PVC ne, irin wadda ake yin bututun ruwa da ita, aka kwaɓa shi da wani mai da ke tausasa roba. Ba ta bushewa da iska, ko da za ta kwana a buɗe. Sai an gasa ta ta kai kimanin digiri 160 a ma'aunin Salshiyos, sa'an nan garin yake shanye man, ya narke ya haɗe, ya rungume zaren. To, a nan gizo yake saƙar. Dole ne zafin ya ratsa tawadar tun daga sama har ƙasa. Mai bugun da wutar lantarki ta yanke masa, ko yake sauri don gobe ne ranar wasa, ya ɗan hura mata zafi sama-sama, zai ba da riga mai kyan gani da taɓawa, amma cikin tawadar ɗanye ne. Ita ce rigar da take tsattsagewa a wankin farko. Wadda aka gasa yadda ya kamata kuwa, sau da yawa yadin yakan riga tambarin mutuwa.

Akwai kuma tawadar rariya mai ruwa, wadda ta fi laushi a jiki don tana nutsewa tsakanin zare, amma takan bushe ta toshe rariyar idan aka yi jinkiri, musamman da hunturu, kuma ba ta fitowa sosai a yadi mai duhu.

Abin da ya sa bugun rariya ya gagari sauran hanyoyi a manyan kwangiloli lissafi ne kawai. Kowane launi da rariyarsa, kuma kuɗin shirya ta ɗaya ne ko riga nawa za a buga. A ƙaddara, don misali kawai, shirya rariya uku ya ci Naira 12,000. Idan riga 10 ake so, kowace ta ɗauki Naira 1,200 tun ba a zuba tawada ba. Idan 300 ne, Naira 40 ke nan. Makarantar da ke son riguna ɗari-ɗari masu launi ɗaya ko biyu ba ta da abin da ya fi wannan. Su ma masaƙu da wannan dabarar suke buga yadi, sai dai tun daga 1963 aka naɗe rariyar ta zama gangar ƙarfe mai juyawa, yadin yana gudu a ƙarƙashinta.

Launin da ke tashi kamar kafur

Kowa ya san idan aka jefa kafur a akwatin tufafi, bayan 'yan watanni sai a tarar ya ƙanƙance, alhali bai jiƙa komai ba. Daga ƙanƙararre yake wucewa kai tsaye ya zama tururi. Akwai rinin da ke da irin wannan hali, kuma wani Bafaranshe mai suna Noël de Plasse ne ya gano yadda za a yi bugu da shi a 1957. Akan buga hoton a takarda, a kifa ta a kan yadi, a danne da injin guga mai zafin da ya kusa digiri 200, na kamar minti ɗaya. Zafin yana yin aiki biyu a lokaci guda. Yana mai da rinin tururi, yana kuma sa sarƙoƙin foliyesta su saki jiki su buɗe ƙananan kafofi. Tururin ya shige, yadin ya huce, kafofin su rufe da shi a ciki.

Wannan rini ne na gaskiya. Ba ya tsagewa, ba ya ɓamɓarewa, kuma da za a rufe wa mutum ido ya shafa rigar, ba zai gane inda hoton yake ba. Jesin da ake gani da ado tun daga wuya har gefe, yawanci haka aka yi su. Amma sharuɗɗansa biyu ba sa lanƙwasuwa. Na farko, sai foliyesta. A kan auduga hoton zai fito dishi-dishi, wanki kaɗan ya tafi da shi. Na biyu, sai yadi fari ko mai haske, domin rini ƙara duhu yake yi, babu farin rini a duniya.

Wannan hali na tashi shi ne kuma asirin farin rubutun nan da ke komawa ruwan hoda. Jar jesi da irin wannan rinin aka rina ta tun daga masaƙa. Idan aka buga mata farar filastisol aka gasa, zafin ya isa ya ta da jan da ke cikin silin, ya yi ta kutsawa cikin farar tawadar sannu a hankali. Wani lokaci sai bayan kwanaki abin yake bayyana, an riga an biya kuɗi an rabu. Masu bugun da suka san aikinsu sukan sa tawadar da ke gasuwa da ƙaramin zafi, ko su fara shimfiɗa wata mai toka-toka da ke tare rinin.

Lamba da sunan ɗan wasa da ke bayan jesi kuwa, leda ce mai launi da inji ke yankawa, a manna ta da zafi. Ta dace da abin da ya bambanta daga riga zuwa riga, kuma takan jima kafin gefenta ya fara ɗagowa. Ita kuwa takardar nan da ake bugawa da firintar ofis a manna da dutsen guga, araha ba ta ado. Ta isa bikin kwana ɗaya.

Da kwamfuta ta shigo

A 1996 aka fara sayar da injin da ke fesa tawada kai tsaye a kan riga a Amurka, kamar yadda firinta ke yi wa takarda. Babu rariya, babu kuɗin shiri, kuma hoton fuskar mutum da dukkan launukansa zai fito ko da riga ɗaya ake so. Tawadar fenti ce mai ruwa, don haka ta fi son auduga. Farar tawada ce ta ba masu ƙera injin wahala, sai a wajajen 2005 aka shawo kanta. Kafin a fesa ta a baƙar riga, akan jiƙa wurin da ruwan wani gishiri mai kalsiyam, wanda ke sa ta dunƙule nan take a saman zare, kamar yadda ruwan tsami ke dunƙule madarar waken suya idan ana awara. In ba haka ba sai ta nutse ta ɓace. Garin da ke ba ta fari yana da nauyi, yakan kwanta ya toshe ƙananan bakunan injin idan aka bar shi kwana biyu ba aiki. Ƙurar hunturu da bushewar iskarta, lokacin da danshi kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100 a Kano ko Damagaram, sukan ƙara tsananta abin.

Daga wajajen 2020 wata hanya ta bazu, wadda ake kira DTF. A nan a kan leda ake fesa hoton, a barbaɗa masa garin danƙo tun yana ɗanye, a gasa, sa'an nan a manna a riga. Tun da danƙon ne ke riƙe shi, bai damu da ko auduga ce ko foliyesta, fara ko baƙa ba. Wannan ya sa ƙananan shaguna suka rungume ta. Sai dai duk kyan hoton, faifan roba ne aka liƙa wa mutum a ƙirji.

Abin da fata za ta ce

Mai sayen riga yakan duba kyau da ƙarko, ya manta cewa a ƙarƙashinta akwai fata mai aiki. Jikin ɗan Adam yana da mafitar gumi miliyan 2 zuwa 4, kuma fitar gumin kaɗai ba ta sanyaya jiki, sai ya bushe ya bi iska. Kowane giram ɗaya da ya bushe yakan tafi da zafin da ya kai kimanin jul 2,400. Faffaɗan tambarin roba da ya rufe ƙirji ko baya yana hana wannan bushewa a daidai inda aka fi yin gumi. Ga yaron da zai yi tseren mita 1,500 a watan Maris, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tambari ƙarami, ko mai rubutu da sarari a tsakani, ya fi masa alheri a kan wani makeken hoto, komai kyansa.

Ita ma foliyesta da nata aibin. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Ghent ta ƙasar Beljiyam a 2014 ya nuna cewa bayan motsa jiki, rigunan foliyesta sun fi na auduga wari, kuma wasu bakteriya da ake kira Micrococcus sun fi yaɗuwa a kansu.

Wanda ya fi kowa shiga haɗari dai shi ne mai bugun da yaransa. Wasu daga cikin man da ake tausasa PVC da su, waɗanda ake kira talet, an gano suna rikita aikin sinadaran jiki masu kula da girma da haihuwa. Saboda haka Tarayyar Turai ta taƙaita su a kayan wasan yara tun 1999, Amurka kuma ta bi sahu a 2008, kuma yanzu ana samun filastisol da ba ta da su. Akwai wata tawada da ke cinye rinin baƙar auduga ta maye gurbinsa da nata, wadda take ba da bugu mai laushi ƙwarai, amma irinta da aka fi sani tana fitar da iskar fomaldihaid idan ana gasa ta, iskar da hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin masu jawo cutar a 2004. Ƙaramin shago mai taga ɗaya, inda ake wanke rariya da kananzir ko fetur da hannu tsirara, a kuma zubar da ruwan a kwata, bai kamata malami ya tura ɗalibansa koyon sana'a can ba sai ya je ya gani da idonsa.

Sai an gwada akan san na ƙwarai

Kafin makaranta ta biya kuɗin riga 300, ya kamata ta nemi guda ɗaya ta gwaji, ta miƙa wa ɗaliban ajin kimiyya. Su fara da zaro 'yan zare daga cikin ɗinkin gefe, su riƙe da hantsaki su kusanta da wutar kyandir a gaban malami. Auduga takan ci da wuta, ta yi ƙaurin takarda, ta bar toka mai laushi. Foliyesta takan tsuke ta guje wa wutar, ta narke ta bar wani baƙin ƙulli mai tauri. Wanda ya yi duka biyu, gauraye ne, kuma sai a yi masa hukuncin foliyesta wajen zafi.

Daga nan a kama tambarin da hannu biyu a ja. Filastisol da ta gasu takan miƙe tare da yadin ta dawo, wadda ba ta gasu ba sai ta dare. A sami farin ƙyalle a jiƙa shi, a goga a kan launin sau goma, a duba abin da ya kwaso. Sa'an nan a yanka tambarin gida uku. Kashi ɗaya a ajiye a cikin littafi inda haske ba ya kai wa, shi ne ma'auni. Na biyu a wanke shi sau biyar da sabulun da ake amfani da shi a ɗakin kwanan ɗalibai. Na uku a shanya shi a rana mako biyu. A masana'antu akan kwatanta irin wannan sakamako da wani ma'auni mai daraja 1 zuwa 5, inda 5 ke nufin launin bai sauya ba, kuma ɗalibai za su iya ba da nasu makin a kan wannan tsari. Idan rigar ja ce ko shuɗiya ta foliyesta mai farin rubutu, a ƙara mata mako guda a ajiye a wuri mai ɗumi kafin a yanke hukunci, domin rinin da zai hau kan farin ba ya gaggawa.